Umma Tana Koyon Kuskure

A ɗakin ɗinkinmu babu wadda ke kiran mahaifiyata da sunanta. A gabanta Umma suke ce mata kamar yadda nake cewa, a bayan idonta kuma Reza. Ta san da sunan sarai, ina ma zargin yana yi mata daɗi. Rezar tana nan naɗe cikin ɗan ƙyalle a aljihun rigar aikinta. In aka miƙa mata ɗinki ta ga layi ya karkace, ba ta faɗa, ba ta tsaki. Sai dai ta zaro ta a hankali, ta bi zaren ta farke, ta mayar wa mai shi ƙyallenta ta ce, "Allah ya ba da sa'a a karo na biyu."

Ɗakin yana saman wani shagon sayar da tayil. Dogon tebur ne guda, da fankoki biyu, ɗayar sai an zungure ta da sanda take tashi. Rigunan filo muke yi, na ado, irin waɗanda ake jerawa a kujerun falo a hana yara taɓawa. Keke ba ya yin komai sai haɗa gefe da sa zif, adon gaba kuwa duk aikin hannu ne, allura da zare. Wani kamfani na ƙetare ke kwashe su, a loda a kwantena, a ɗora a jirgin ruwa, su yi wata da watanni kafin su isa shagunan da ba za mu taɓa shiga ba. Kowace mai ɗinki tana da launin zaren da take ƙulle aikinta da shi ta ciki, don a san hannun wa. Na Umma ja ne.

Ni hannuna bai gaji komai daga nata ba, saboda haka aikina naɗewa, da sawa a leda, da liƙe kwali. Ni ce kuma tafinta idan wakiliyar kamfanin ta kira. Manaja tana jin yarensu, amma takan bar mini fassarar don kada a ce ta ƙara gishiri. Wakiliyar ba mu taɓa ganinta a tsaye ba, daga kafaɗa zuwa sama muka san ta, shi ya sa muke ce mata Matar Waya.

Kujerar Umma ce a farkon tebur, jikin taga. Ba kujerar banza ba ce. Kafin ta same ta, ta shekara da shekaru tana yi wa maƙwabta ɗinki a gida suna biyanta da "Allah ya saka". Tun da ta hau kujerar nan Baba ya fara cewa "bari in ji ta bakinta" kafin ya yanke magana, dangi kuma suka daina kiranta don ta zo ta taya wanke-wanke, suka koma kiranta don shawara. Ba ta taɓa faɗa ba, amma duk gidanmu mun san abin da kujerar take a wurinta.

A can ƙarshen tebur, bakin ƙofa, Gwaggo ke zama, ƙanwar Baba. Ita ta zaɓi wurin don kada wani ya hau ko ya sauka ba ta gaishe shi ba. Rediyo Umma take ce mata. Yadda Gwaggo take hira haka take ɗinki: ta fara a nan, ta ɓulle a can, a hanya ta manta inda za ta. Furenta wani ya yi ƙiba, wani ya rame, ganye ya juya baya kamar an yi masa laifi. Babu ƙyallen da reza ta sani kamar mai ƙullin ruwan ɗorawa, wato na Gwaggo, kuma ko a jikinta. In aka farke mata sai ta ce, "Matar Yaya, ke dai ki yi ta yi, lada kike samu."

Ranar da abin ya faru Manaja ta jingina waya da gwangwanin maɓallai, muka taru a bayanta. Matar Waya ta yi gaisuwa mai tsawo, ni kuwa na san in ta tsawaita gaisuwa akwai magana. Ta ɗago rigar filo guda, layukanta a miƙe, furanni kai ɗaya. Ta juya cikinta, sai ga jan ƙulli. Umma ta gyara zama.

Matar Waya ta ce shaguna sun dawo musu da kaya. Masu saye sun yi ƙorafi cewa an rubuta aikin hannu, an sa musu kuɗin aikin hannu, an ba su aikin inji. Duk waɗanda aka dawo da su kuma masu jan ƙulli ne.

Na shiga neman ta inda zan ɓullo.

"Me ta ce?" in ji Umma.

"Ta ce aikinki ya yi kyau."

"Wannan na sani. Sai me?"

"Ta ce ya yi kyau da yawa."

Kafin in ƙarasa bayani Matar Waya ta ɗago wata rigar. Tun daga nesa muka gane ta, domin furen tsakiya ya kwanta gefe guda kamar mai jin barci. Fuskar matar ta washe. Ta ce wannan ita ake rububi, wannan tana da rai, ana ganinta an ga mutum. Ta juya ciki, ga ƙulli ruwan ɗorawa. Wannan kam bai buƙaci tafinta ba. Gwaggo ta dafa ƙirji ta waiga hagu da dama ta ce, "Ni ɗin?" Sannan ta miƙe ta je gaban wayar ta ɗaga wa matar hannu biyu.

Umma ba ta ɗaukar raini, balle a ce mata maƙaryaciya. Ta ce a riƙe mata wayar. Ta ɗauki farin ƙyalle da allurar da aka riga aka zura wa zare, ta kafe Matar Waya da ido, ta ja layi tun daga wannan gefe har wancan ba ta ko dubi hannunta ba. Layin ya fito kamar an ɗora rula. Matar Waya ta rufe baki da hannu, ta ba da haƙuri har sau ba adadi, ta ce ita kam ta yarda. Sai dai mai saye ba zai ga hannun Umma ba, filon kawai zai gani.

"Wato laifina shi ne na iya," in ji Umma.

Na fassara. Matar Waya ta yi murmushin da ya fi kama da ciwon haƙori.

Bayan an kashe waya Manaja ta ja Umma gefe, amma a ɗaki irin namu gefe ma tsakiya ne. Yarinya ce, Umma ce ta koya mata riƙe allura, shi ya sa ƙasa take kallo tana magana. Daga yanzu, in ji ta, kamfani zai riƙa duba samfurin kowane hannu ta waya kafin a liƙe kwali. Hannun da aka ƙi, ba za a ba shi aikin ado ba.

"Umma, ki ɗan sassauta hannun. In ba haka ba, ba ni da inda zan sa ki sai wurin guga."

Wurin guga yana bayan labule, babu taga, a tsaye ake yini, kuma nan sababbin zuwa ke farawa. Umma ta dubi labulen, ta dubi kujerarta, ta ce, "Kuskure suke so? Za su samu."

Washegari ta zo da shirinta. Ta shimfiɗa ƙyalle, ta ɗauko tef da alli, ta auna, ta ɗiga alama a duk inda za ta yi kuskure. Ta zauna ta yi su ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana cije leɓe. Da ta gama, kurakuran sun fito a jere, tazararsu ɗaya, karkatarsu ɗaya, duk suna kallon gefe guda. Ban taɓa ganin kuskure mai tarbiyya irin wannan ba. Matar Waya ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya a hankali ko mun sayi sabon inji ne.

"Ta ce kin yi ƙoƙari," na ce.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Umma. "Na ga bakinta."

Daga nan Gwaggo ta ɗauki kujerarta ta baro bakin ƙofa, ta dasa ta a gefen Umma. Ba wanda ya roƙe ta. Ta ce ilimi ba a ɓoye shi.

"Matar Yaya, fara sauke kafaɗar nan. Ɗinki kike yi, ba tiyata ba."

"Rediyo, koma wurinki."

"Yanzu Malama za ki riƙa ce mini. To, ki sa allura, ki manta da ita. Kin ji kuwa abin da ya faru tsakanin mai tayil da surukinsa?"

Ta kwashe labarin mai tayil kaf, ta ɗora da na mai kawo mana zare, ta gangara kan wata maƙwabciyarta da ta sayi firji ba ta da wuta. Umma tana ji, har tana tambayar "sai aka yi yaya?", amma hannun yana tafiya abinsa a miƙe, babu ruwansa da mai tayil. Gwaggo ta kunna rediyon gaske. Ta zuba mata gyaɗa a cinya. Da duk suka ƙi ci, sai ta riƙa zungurar gwiwar hannunta in ta ga allura ta shiga. Wannan ya yi aiki, layi ya karkace, amma kafin Gwaggo ta gama tafi Umma ta farke shi. Aka ƙwace rezar aka ba Manaja ta kulle a durowa. Umma ta koma farkewa da haƙori.

"Wannan ɗalibar ba ta da ƙwaƙwalwa," in ji Gwaggo. "Abin da ni nake yi ba tare da na sani ba."

Duk ɗakin aka yi ta dariya, har da ni. Umma ma takan ɗan murmusa. Amma na lura ta daina cin abincin rana tare da mu, sai ta zauna tana kallon titi ta taga.

A gida Baba ya ga abin dariya ya samu. Tsohon direban bas ne, ya ajiye aiki, ba shi da abin yi sai sharhi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni duk tsawon tuƙina ba fasinjan da ya taɓa cewa in riƙa ɗan faɗawa rami don a san mutum ne ke jan motar." Umma ta yi dariya ta gaske, karo na farko a kwanakin. Da ya tsaya a nan da ya ci riba. Sai ya ƙara da cewa, "Ki bar musu aikinsu mana, ki dawo gida ki huta. Me kika rasa?"

Ta dube shi har sai da ya tuna yana da abin ɗaukowa a waje.

Na ji tausayinta a ranar, na kuma ji haushi. Haushin mutanen da ban san fuskarsu ba, waɗanda ke zaune a falonsu a wata duniya suna son ganin wahalar hannu a jikin filo kafin su yarda mutum ya yi shi. Mace ta ƙare ƙuruciyarta tana koyon yadda za ta ɓoye wahalar, yanzu an ce ta fito da ita a gani.

Ana saura kwana kaɗan a sake duba samfuri, Umma ta shigo da safe ta ce wa Gwaggo ta mayar da kujerarta bakin ƙofa, makaranta ta tashi. Ta ce wa Manaja, "Na gaji da wasan yara. Zan yi guda ɗaya yadda na iya, iyakar iyawata. In sun ƙi, ki haɗa mini dutsen guga."

Ta shiga sito da kanta ta zaɓo yadi shuɗi mai duhu, da zare baƙi da kore mai duhu. Ta ce zanen ƙananan ganye za ta yi, wanda kowane ganye bai kai farce ba. Tsofaffin ɗakin suka dubi juna. Zane ne da aka daina karɓar odarsa tuntuni saboda cin rai, ita kanta rabonta da shi an daɗe, tunda shekarun nan manyan furanni a kan farin yadi ake ta nema.

Ta ja kujera ta manne da taga. Ba ta hira, ba ta ɗaga kai. Can sai ta kira ni.

"Zo ki zura mini zaren nan. Alluran yanzu ba su da ƙofa, kamfanoni sun lalace."

Na zura. Ba a jima ba ta sake kira. Daga baya sai na zura mata allurai da yawa na soka su a jikin labulen taga, tana gamawa da ɗaya tana zarar wata. Ta ce wa Manaja kuma a wanke gilashin tagar nan, ya yi dishi-dishi. Manaja ta sa aka wanke, duk da ba a daɗe da wanke shi ba.

Ranar dubawa ta ƙulle da jan zarenta, ta shafa aikin da tafin hannu, ta miƙo mini. "Goge shi da kyau. Ko sun ƙi, su san abin da suka ƙi."

Na kai teburina na shimfiɗa a ƙarƙashin fitila. Layin ganyen ya fara a miƙe, ya ɗan gangara, ya dawo. Wasu ganyen sun hau kan juna, wasu sun bar fili. A kusurwa guda ta yi reshe sukutum da baƙin zare a inda ya kamata ya zama kore. Ba irin kuskuren tef da alli ba ne. Wannan aikin wadda ta ba da duk abin da take da shi ne, idonta bai kai inda hannunta yake zuwa ba. Miƙaƙƙen layi a kan farin yadi hannunta ya haddace, ba ya neman taimako. Ƙananan ganye a kan duhu kuwa sai da ido.

Gwaggo ta taso da shirin tsokana, baki a buɗe. Ta leƙo ta kafaɗata. Na ji ta ja numfashi, ta rufe bakin. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Ya yi kyau, matar Yaya," ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Aka kira Matar Waya. Da aka zo kan shuɗin, ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. Ta ce a matsar da shi kusa, a juya, a sake juyawa. Sannan ta dafa kumatu ta fara zuba magana, har na kasa bin ta. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta ce baƙin reshen nan na kusurwa dabara ce ta gwanaye. Ta ce shi za su sa a gaban shagonsu, kuma suna son wannan hannun ya yi musu wasu, ko nawa zai iya.

Wannan karon na fassara duka, ban rage komai ba sai zancen reshen.

Umma ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Da ma na san za su dawo hayyacinsu. Abu mai kyau ko a ƙetare mai kyau ne." Ta juya wajen ƙofa. "Malama, kin ji? Ko in zo in ba ki darasi?"

"Na ji, matar Yaya," in ji Gwaggo. "Allah ya ƙara basira."

Manaja ta fito da rezar daga durowa ta mayar mata da hannu biyu. Matan suka yi ta barka, waɗanda suka ga aikin kusa suna yi suna kallon tebur. Ni kuwa na rasa inda zan sa raina. Kujera ta tsira, ga shi kuma abin da ya tsirar da ita. In na yi shiru, za ta ci gaba da zama a jikin taga ana yabonta, idon yana tafiya. In na yi magana aka gyara idon, hannun zai koma miƙewa, labulen guga kuma yana nan inda yake.

Da aka tashi muka sauko tare. Rana ba ta faɗi ba, titi cike da motoci da masu komawa gida. Muna tafiya tana ba ni labarin yadda ta koyi zanen ganyen tun ina goye, ina amsawa da "uhm". Mun kusa mararraba ta ce, "Gobe ki nemi izini wurin Manaja. Za ki raka ni wajen likitan ido."

Na ce, "Wani abu ne ya faru, Umma?"

"Kada ki raina mini hankali, ni na haife ki. Tun da na auri babanku gwaggonki ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Yau na tsokane ta a gaban mutane, ta ce Allah ya ƙara basira." Ta ɗan yi tsaki. "Ya karkace sosai?"

Na so in yi mata irin fassarar da na saba. Na kasa.

"Ba sosai ba. Akwai reshe guda da kika yi da baƙi."

"A kusurwar dama."

"E."

"Na yi zargi. Na ce kore ne ya yi duhu." Ta yi 'yan taku.

"Umma, in aka ba ki gilashi, aikin zai koma yadda yake. Za su sake ƙi."

"Wa ya ce miki da shi zan yi nasu? In zan ɗinka rigar babanku in saka, in zan yi na Matar Waya in cire in ajiye a aljihu. Kowa a ba shi abin da yake so." Ta yi 'yar dariya, muryar ba ta fita sosai ba. "Amma ni zan zaɓi lokacin da zan cire. Ba zan zauna ana tafa mini a kan abin da ban gani ba."

Muka tsaya a bakin titi muna jiran motoci su rage.

"Kuma kada ki liƙe kwalin nan tukuna," ta ce. "Ina so in ga abin da suke yabo."

Hanya ta buɗe. Tun ina ƙarama ita ke finciko hannuna a wannan mararrabar tana faɗan ba na duba hanya. Yau sai ta saƙalo hannunta a nawa, ta jira na fara takawa, sannan muka tsallaka.